Ka Ba Shi Ƙwaya Uku

Tun kafin masu shagunan ƙasa su gama buɗewa Sista Celina ta iso. Ɗakin nata yana saman bene a wata filaza da ke bayan kasuwar Sabon Tasha. Daga nan take koyar da matan da ke taimaka wa masu haihuwa a gida, amma ɗaliban ba sa zuwa sai ranar gwaji da hannu. Darasin ta waya yake tafiya. Ita za ta zauna ta yi bayani, 'yarta Vicky ta naɗi muryar ta tura, mata a Romi da Kakau da Makera da Tudun Wada su saurara suna girki ko suna wanki.

Yau mutanen hukuma za su zo duba kwas ɗin. In sun sa hannu, takardar da Celina za ta ba ɗalibanta ta zama takardar da ake karɓa. In ba su sa ba, sai zaman kwamitinsu na gaba, wato baɗi. Ga shi akwai wata ƙungiya da za ta ɗauki ma'aikatan lafiya na unguwa kafin Kirsimeti, kuma ta ce ba ta kallon satifiket ɗin da babu hatimin hukuma a kai. Matan duk sun san haka. Tun jiya suke turo addu'a a guruf ɗinsu na waya, wasu da sunan Yesu, wasu da salati.

"Vicky, ka goge teburin nan?"

"Na goge, Momi."

"Ka sake gogewa."

Haka Hausar Celina take. Mutuniyar Zonkwa ce, a bakinta mace da namiji duk "ka" ne da "shi". Da wannan Hausar ta yi aikin ungozoma a asibiti har ta yi ritaya, ba wanda ya taɓa ce mata bai gane ba.

Ummi ta shigo da sallama tana haki saboda bene. Daga Makera take, 'ya'yanta uku, kuma ita ce ta fi kowa maki, shi ya sa aka zaɓe ta ta zo ta nuna aikin hannu a gaban baƙi. Ta cire takalmi, ta naɗe hijabinta a kafaɗa, ta soma jera kaya kusa da jaririn roba da ake gwaji da shi: safar hannu, zare, reza, tawul.

"Mama," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "in sun ce in nuna na ƙwayar nan, da cokali zan yi ko da sirinji?"

"Wace ƙwaya?"

"Ta hana zubar jini. Darasi na tara."

"Ina ruwan ƙwaya da cokali? Haɗiyewa ake yi."

"Ai shi ne muka ga ba zai iya haɗiyewa ba. Sai wata a cikinmu ta ce murƙushewa ake yi a ruwa, a ɗura masa kaɗan-kaɗan."

Celina ta ajiye fayil ɗin da ke hannunta.

"A ɗura wa wa?"

"Jaririn."

Vicky ta daina goge tebur. Celina ta ce a kunna darasin. Muryarta ta fito daga kwamfuta, a natse, irin ta wadda ta san abin da take faɗa: "Da zarar jariri ya fito, ka tabbata babu na biyu a ciki, sai ka ba shi ƙwaya uku ya haɗiye da ruwa."

"To, kin ji," in ji Ummi. "Ka ba shi."

"Uwar nake nufi!"

"Uwar?"

"Uwar, Ummi! Wa ke zubar da jini, jariri ne?"

Ummi ta kai hannu baki. "Innalillahi. Wallahi mun yi ta mamaki. Muka ce ko ta cibiya jinin yake zuba."

"Kuma ba ku tambaya ba?"

"Mama, ke kika faɗa. Kuma a jarrabawa ƙwaya nawa kika tambaya, muka ce uku, kika ba mu maki."

"Ku nawa ne?"

"Duk 'yan wajenmu. Tare muke bita ran Asabar, har da na Tudun Wada."

A ƙasa mota ta yi hon. Vicky ta leƙa ta taga, ta juyo.

"Su ne. Momi, abeg, ka saurare ni. Kar ka ce komai. Su duba, su sa hannu, su tafi. Da yamma mu naɗi sabo mu tura. Ba wanda zai mutu tsakanin yanzu da yamma." Ta juya kan Ummi. "Kai ma ka ji ko? Shiru."

Ummi ta kalli Celina. Celina tana jin takun ƙafa a bene. Ta dai gyara ɗankwalinta ta nufi ƙofa.

Mutum biyu ne. Na gaba babban mutum, da faffaɗar riga da gumi a goshi, ya ce sunansa Dokta Matthew. Daga gaisuwarsa Celina ta gane ɗan gida ne, na wajen Kagoro, Hausarsu iri ɗaya. Ta bayansa siririya ce mai tabarau, Hajiya Larai, malamar nas daga Zariya. Gaisuwarta gajeriya ce. Ta ƙi lemon da aka ba ta, ta ce ruwa ya isa.

"Sista, kar ka tsorata," in ji Dokta yana zama. "Mu ba 'yan sanda ba ne. Hajiya ne kawai ɗan sanda."

Hajiya ba ta yi dariya ba.

Aka fara. Sun duba takardun Celina na aiki, sun duba na asibitin Romi da ya yarda ɗalibai su riƙa zuwa kallon haihuwa. Hajiya ta buɗe bokitin wanke hannu ta shinshina ruwan. Ta tambayi yadda ake gane cewa ɗaliba ce da kanta ta yi jarrabawa ba mijinta ba, Vicky ta nuna mata yadda ake kiran kowace a bidiyo a yi mata tambaya baki da baki. Ummi ta nuna ɗaurin cibiya, da yadda ake goge jariri a ɗora shi a ƙirjin uwa. Ba ta yi kuskure ba. Duk lokacin da Hajiya ta buɗe baki sai Celina ta kasa kunne. Ba a tambayi ƙwaya ba.

Da aka kira azahar Hajiya ta tambayi inda za ta yi salla. Ummi ta ce akwai wata tela a ƙasa mai buta da dadduma, bari ta raka ta. Celina ta bi bayansu da kallo har suka sauka. Vicky ta zo kusa da kunnenta.

"Ummi zai faɗa wa Hajiya."

"Yi shiru."

Dokta ya cire takalmi ɗaya, ya miƙe ƙafa. "To, kafin Hajiya ya dawo, bari in ji darasi ɗaya. Ba ku za ku zaɓa ba." Ya rufe ido ya ɗora yatsa a kan allon kwamfutar, ya buɗe. "Na tara. Kunna."

Vicky ta kunna. Celina ta tsaya a jikin bango, hannunta a baya. Muryar ta bi ta kan alamomin naƙuda, ta bi ta kan yadda ake karɓar jariri, ta iso wurin.

"Sai ka ba shi ƙwaya uku ya haɗiye da ruwa."

Dokta ya gyaɗa kai. "Daidai. Kuma ka tuna da maganar tagwaye, da yawa suna mantawa." Ya saurara har ƙarshe, ya zaro biro, ya sa hannu a gurbinsa. "Nawa ya ƙare. Saura na Hajiya, don sai da hannu biyu."

Vicky ta sauke numfashi har sai da Dokta ya kalle ta ya yi dariya.

"Ka san abin da ya sa na matsa a zo nan da wuri?" ya ce wa Celina. "Ba mu da irin wannan da Hausa. Duk Turanci ne. Kwafin da kuka aiko mana yana ofis, da zarar an buga hatimi shi ke nan an kulle shi, shi za mu ɗora a shafinmu. Akwai cibiyoyi a Kano da Katsina da Daura da suke jira. Muryarka za ta shiga ƙauyukan da ba ka taɓa jin sunansu ba."

"In mutum yana so ya gyara wani abu fa, Dokta? Bayan hatimi."

"Gyara me? Abu ya yi kyau. In ka taɓa kalma ɗaya sai an dawo da shi layi daga farko. Kar ka nema wa kanka wahala."

Celina ta kalli Vicky. Vicky ta kawar da kai.

Hajiya ta dawo, fuskarta da sauran danshin alwala. Celina ta nemi wani abu a fuskar, ba ta samu ba. Ummi ta shigo a bayanta, ta ɗan girgiza kai, alamar ba ta faɗa ba. Idonta ya yi ja.

"Saura aji kai tsaye," in ji Hajiya tana zama. "Ina so in ga yadda kike da su. Ko minti goma ne."

Vicky ta haɗa kiran. Ɗaya bayan ɗaya fuskoki suka fito a ƙananan akwatuna: wata a gindin mangwaro a Kakau, wata a shagon gyaran gashi, wasu huɗu sun cushe a gaban waya ɗaya a wani tsakar gida a Makera. Wasu sun yi kwalliya kamar za su biki. Aka yi ta gaisuwa, ana "sannu da zuwa, Dokta", ana "Hajiya, barka da hanya".

Darasin da Celina ta shirya na wanke hannu ne. Ta yi bitarsa a gaban madubi har ta haddace. Ta zauna, ta jawo makirfo.

"Yau za mu yi magana a kan wanke hannu. Kafin ka taɓa mai naƙuda..."

Ta tsaya. Hajiya ta riga ta cire murfin bironta, takardar na kan cinyarta. Matan Makera huɗun nan suna murmushi, ɗaya tana jijjiga goyo.

"Momi," in ji Vicky a hankali. "Wanke hannu."

"Kafin nan ina da tambaya," in ji Celina. "Ƙwayar hana zubar jini, ta darasi na tara. Wa ake ba? Kowa ya buɗe makirfo ya faɗa."

Comfort ce ta fara, ta gindin mangwaron, mai babbar murya. "Uwa mana!"

"Uwa," in ji ta shagon gyaran gashi.

"Uwa, Sista."

Sai daga tsakar gidan Makera, baki huɗu a tare, da ƙarfin waɗanda suka yi bita: "Jariri!"

"Jariri, Malama," in ji wata daga Tudun Wada. "A murƙushe a ruwa."

"Kai!" Comfort ta matso da fuskarta har ta cika akwatin. "Wane jariri? Kuna so ku kashe ɗan mutane?"

"Ai Malama ce ta ce a ba shi!"

"E, a ba shi! Uwar!"

"Uwar ce shi?"

Hayaniya ta kaure, kowa na magana a kan kowa. Vicky ta rufe musu makirfo duka. Ɗakin ya yi tsit, sai bakuna da ke motsi a allo.

Hajiya ta mayar da murfin bironta. "A kunna min darasin."

Aka kunna. Ta ce a mayar baya, aka mayar. Ta saurara da ido a rufe.

"Ni ban ga matsala ba," in ji Dokta. Ya sa takalminsa. "Na ji shi ɗazu. Ka ba shi, wato uwar. Kowa ya san haka."

"Dokta, uwa 'ta' ce. Ka ba ta, ta haɗiye. Wanda aka ambata a jimlar nan jariri ne. Ni ma da ban san maganin ba, jariri zan ba."

"To yanzu Hausarmu ce ba ta yi ba? Sai ta Zariya?"

"Ban ce haka ba."

"Haka muke magana tun kakanninmu, Hajiya. Rabin garin nan haka yake magana."

"Ɗaya rabin fa? Da su Daura da kake faɗa min a mota?"

Dokta ya juya. Ya kalli allon, inda matar Makera take ta jijjiga goyonta.

Hajiya ta juyo ga Celina. "Yaushe kika sani?"

"Yau da safe."

"Kafin mu zo?"

"Motarku na tsayawa."

"Kika bar ni ina shinshina bokiti."

"E."

"Ke fa?" Hajiya ta kalli Ummi. "Sahu ɗaya muka yi salla."

Ummi ta sunkuyar da kai.

"Ni na ce su yi shiru," in ji Vicky da sauri. "Da yamma za mu gyara, Hajiya, wallahi. Kalma ɗaya ce."

"Buɗe musu makirfo."

Vicky ta buɗe. Hajiya ta matso gaban kwamfutar, ta cire tabarau.

"Ku saurare ni. Ba faɗa zan yi ba, gaskiya nake so. A cikinku akwai wadda ta taɓa ba jariri wannan ƙwayar? Ko ta gaya wa wata ta ba shi?"

Matan Makera suka girgiza kai. Akwatin Tudun Wada ya daskare, matar ta tsaya da baki a buɗe, sabis ya ɗauke. Celina ta riƙe gefen tebur. Ta san matar, uwar mijinta tsohuwar ungozoma ce, kusan kowane mako ana kiransu. Vicky ta kira layinta a waya, bai shiga ba. Ta sake kira. Dokta ya tashi ya je taga ya dawo.

Hoton ya motsa.

"...ji na? Kuna ji na? Na ce ba mu ba kowa ba, Hajiya. Ai ba mu da ƙwayar. An ce sai mun karɓi takarda za a fara ba mu."

Celina ta saki teburin. Ta koma kan kujera.

Dokta ya goge fuska da hankici. "To, mun gode wa Allah. Hajiya, ka ga ba abin da ya faru. Kuma matar nan da bakinsa ya tona, ba mu muka kama ba. Ni na ji darasin na wuce shi. Mu ba su da sharaɗi. Su gyara cikin mako, su aiko, shi ke nan."

"Darussa nawa ne gaba ɗaya?"

"Ashirin da huɗu," in ji Vicky.

"Duk da muryarta?"

"E."

"Akwai na allura? Akwai na abin da ake shafa wa jariri da wanda ake shafa wa uwa?"

"Akwai."

"To 'shi' nawa ne a ciki, Dokta? Ka sani? Ni ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba, don kunnenta ba ya jin sa, kamar yadda naka bai ji ba. Sai an zauna an bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne biyu, an sake naɗa, an sake yi wa matan nan jarrabawa a kan wa ake ba, ba nawa ake ba kawai ba. Wannan ba aikin mako ba ne. Kuma ka fi ni sanin cewa sabon kwafi sai kwamiti ya zauna."

"Kwamiti sai baɗi."

"Na sani."

"Matan nan aiki suke jira."

"Na sani, Dokta. Ba zan sa hannu a kan abin da ban ji ba."

Ta saka takardar a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dubi Celina. "Darasin yana da kyau, Sista. In kin tashi sake naɗa, ki ajiye 'shi' da 'ta' duka. Ki ce uwa, ki ce jariri, ko sau ɗari ne." Ta sauka.

Dokta ya ɗan jima. Ya ce zai yi magana da shugabansu ko za a yi zama na musamman, amma kada a riƙe shi da alkawari. Bai kalli gurbin da ya sa hannu ba. Ya bi bayanta.

Vicky ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. "Shekara biyu muna wannan aikin, Momi. Da ka bari an buga hatimin, mu bi su ofis daga baya mu roƙa."

"Su Daura kuma wa zai bi su ya roƙa?"

"Sista."

Muryar daga kwamfuta ta fito. Ba wanda ya kashe kiran. Duk suna nan a akwatunansu, sun ji komai.

Comfort ce. "Sista, aikin Kirsimeti fa?"

Celina ta jawo kujera gaban allon. "Babu, Comfort. Bana babu takarda."

"Na riga na gaya wa mai gonar da nake wa aiki ya nemi wani." Ta juya idonta gefe, wajen akwatin Makera. "Duk saboda ku. Mutum da hankalinsa, a ce jariri ya haɗiye ƙwaya, kuma ku yarda?"

"Ke, kar ki zage mu! Abin da aka koya mana muka riƙe!"

"Ba su ba ne," in ji Celina. "Bakina ne. Su sun ji daidai, ku ma kun ji daidai. Wanda yake da faɗa ya kawo nan."

Ba wadda ta kawo. Ta shagon gyaran gashi ta ce tana da kwastoma, akwatinta ya yi baƙi. Wasu biyu suka bi ta ba sallama. Ɗaya daga matan Makera ta tambaya ko za a sake biyan kuɗin makaranta, Celina ta ce a'a. Ta tambaya ko tabbas baɗi za a samu. Celina ta ce za ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma ba za ta rantse ba.

Comfort ba ta tafi ba tukuna. Tana zaune a gindin mangwaron, kwalliyarta ta fara narkewa, tana kallon wani abu a bayan wayar.

"Da ka yi shiru, Sista," ta ce, "da yanzu muna rawa."

"Haka ne."

Ta jira ko Celina za ta ƙara wani abu. Comfort ta miƙa hannu ta kashe wayarta.